Fuskar Zarami a Bayan Keke

Wakil mai zane ne. Rikici ya koro shi daga Barno shi da ƙaninsa Zarami, suka kafa 'yar rumfa a unguwar Pantami. Tun yana yaro yake haukan littattafan zanen nan na jarumai masu tashi sama, don haka da ya fara yi wa 'yan keke mai ƙafa uku ado a bayan tamfol, sai ya ƙirƙiro nasa mutane biyu. Akwai Mai Ceto, tsaf da shi, yana tallafe da jariri. Akwai kuma abokin gabarsa, Ƙona-Gari, wuta a tafin hannu, yana ƙyaƙyata dariya.

To, ku ji halin mutane! Ba wanda ya kalli Mai Ceto sau biyu. Dokas, shugaban 'yan keken layin, cewa ya yi wannan ai kamar malamin firamare yake, wa zai ba shi hanya a cunkoso? Mugun suke so, wanda in na bayanka ya gan shi zai taka burki. Abin ya ƙona wa Wakil rai ƙwarai, amma tuwo za a ci a gida.

Matsalar ɗaya ce: Wakil bai iya zana fuska da ka ba, sai ya ga mutum a gabansa. Shi ya sa ya zaunar da Zarami a benci ya kwashe shi kaf a fuskar Ƙona-Gari, doguwar haɓa, wushirya, har tsagar Barebari a kumatu. Zarami kuwa, bawan Allah da ko kaza ba ya iya yankawa, ya dinga dariya wai shi ma ya zama sananne. Kafin damina ta wuce, fuskarsa ta cika titi daga Nasarawo har Madaki.

Ran nan da hantsi bom ya tashi a wata tashar mota. Ƙasa ta girgiza, gwangwanayen fenti suka zubo daga kan kanta a rumfar Wakil. A tashar nan Zarami yake tura baro. Wakil ya zura da gudu, ko takalmi babu.

Ya tarar da hayaƙi da ƙaurin nama, ga wata mata tana rarrafe ba hannu ɗaya. Can gefe taro ya yi da'ira. Ashe wani ne ya ga Zarami yana gudu kamar kowa, ya rantse ya san fuskar nan, kuma ba ta mutumin kirki ba ce. Wasu suka ce su ma wallahi sun san ta. Ba wanda ya tsaya tuna inda ya san ta.

Kafin Wakil ya kutsa, an riga an karya wa Zarami ƙafa. Gora tana sauka a ƙeyarsa, wani ya ɗaga bulo da hannu biyu ya sake masa a fuska. An rataya masa taya a wuya, wani yana tsiyayo fetur daga acaɓa.

Wakil ya faɗa kan Zarami ya rungume shi.

"Ƙanina ne! Zane kuka sani, ni na zana shi. Ku duba bayan kekunanku."

Hausarsa ta Barno ta ƙara tunzura su. Aka fasa masa baki da sanda, aka ja shi ta ƙafa. A nan ya hango Dokas a cikin taron, Dokas da ya san gaskiya sarai. Suka haɗa ido. Dokas ya buɗe baki, ya dubi gororin da ke sama, ya sunkuyar da kai.

Sojoji suka iso suka yi harbi sama kafin a ƙyasta ashana, taro ya watse. Amma Zarami ya riga ya daina numfashi, kuma ko uwar da ta haife shi ba za ta gane shi ba.

Dokas ne ya ɗauki gawar a kekensa, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Wakil ya ƙi shiga, ya hau acaɓa ya bi su a baya, jini yana zuba a rigarsa. Har Pantami idonsa yana kan tamfol ɗin, inda Zarami yake ta dariya da wuta a hannu. Ita kaɗai ce fuskar ƙaninsa da ta rage masa.