Ƙofar Bayan Motar Jatau

Shekarar da wake ya yi albarka a ƙasar Bukkuyum har rumbuna suka kasa ɗauka, ita ce shekarar da Jatau ya sayi mota. Ta hannu ce, 'yar Kwatano, toka-toka kamar bayan kurciya. Manomi ne da ya haura sittin, bai taɓa riƙe sitiyari ba, amma ya dage ya koya a filin ƙwallon firamare, inda ya take kaza ɗaya ya kuma kayar da turken raga.

Jatau mutum ne mai bin diddigin abu. Kullum bayan ya karya kumallo sai ya shiga motar a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, ya danna maɓalli ɗaya, ya zauna ya ga abin da zai faru. Ta haka ya gano wanda ke fesa wa gilashi ruwa, da wanda ke sa fitilu huɗu ƙyaftawa lokaci guda. Ya gano wani da ke ɗumama kujera, a ƙasar da rana ke gasa ƙafa ta cikin takalmi, ya zauna yana gumi yana dariya shi kaɗai. In bai ɗaura bel ba motar sai ta kama kuka kamar ɗan tsako. Direbobin tasha suka ce ya zagaya da bel ɗin ta bayansa ya huta, ya ce a'a, wanda ya ƙera ta ya fi su sanin abin da take wa kuka. An gaya masa akwai matashin kai a naɗe cikin sitiyarin, wanda ba ya fitowa sai ranar hatsari, sai ya riƙa shafa wurin a hankali kamar cikin akuya mai ciki.

Akwai littafi a aljihun gaba, ya kai wa hedimasta, hedimasta ya juya shi ya ce wannan ko Turanci ba ne. A ƙarƙashin kujerar baya kuma ya tsinci safar hannu ta yaro, ja, ta ulu, ƙwaya ɗaya, ba ta kai tafin hannunsa ba. Ya daɗe yana tunanin yaron, da irin sanyin da zai sa a yi wa hannu riga. Matarsa Hajara ta ce ya jefar, ya ƙi, ya rataye ta jikin madubi.

Kujerar baya dai ba wanda ya taɓa zama a kanta. Hajara gaba take shiga, baya kuwa buhunan wake ne, buhu kuma ba ya buɗe wa kansa ƙofa.

To, Jatau yana da amini, wani Bafillace mai suna Hammadu, wanda rugarsa ke bayan fadama. Shekara arba'in ke nan duk kaka in an kwashe amfani, Hammadu yake kawo garkensa gonar Jatau, shanu su ci kara su bar taki. Shanun Jatau huɗu ma a hannunsa suke. Hammadu na kiransa Kaɗo, shi kuma yana kiransa Mai Sanda, kuma in suka zauna kan fura ba wanda ke iya raba su da gardama.

Amma zamani ya lalace. Tun da ɓarayin daji suka addabi ƙasar, matasan garuruwa suka ɗauki bindigogin toka suna kafa shinge a hanya, kuma duk Bafillacen da suka gani a mota sai sun sauke shi, mai laifi da marar laifi. Hammadu ya shekara biyu bai taka kasuwa ba. Idonsa na hagu ya yi yana, har ya fara kiran saniya da sunan 'yar'uwarta, ga shi an ce likitan ido na zuwa Gummi ranar kasuwa.

Jatau ne ya matsa masa. Ya ce shingen ɗaya ne tak, bayan wata babbar tsamiya. Zai tsaya kafin kwanar, Hammadu ya sauka ya bi ta cikin dawa, su haɗu a gaba. Hammadu ya yi ta kawo uzuri, ƙarshe dai ya ce tun da Kaɗo ne ke ja, ya yarda, ko da yake ya ji labarin kazar nan.

Da hantsi Jatau ya je ya ɗauko shi. Hammadu ya nufi gaba, Jatau ya tare shi, ya buɗe masa ƙofar baya da hannunsa har da ɗan rusunawa.

"Nan manya ka zama. Yau kai ne Alhaji, ni direba."

Hammadu ya shiga, ya kwantar da sandarsa kan cinya, Jatau ya rufe ƙofar. Suka kama hanya yana ta nuna masa abubuwa. Ya kunna masa sanyi, Hammadu ya ce wannan ai iskar kabari ce, a kashe. Ya tambayi jan abin da ke lilo jikin madubi, da ya ji bayani ya ce Allah ya raya mai shi.

Ba su kai tsamiyar ba. A ranar matasan sun dawo da shingen baya, wajen wani kwalbati, Jatau yana shan kwana sai ga itace a gicciye da mutum shida. Ya taka birki tun da nisa. Dawa na nan gefen hanya, ta fi mutum tsawo, taku uku kawai. Ya ce wa Hammadu ya sauka maza.

Hammadu ya ja mariƙin ƙofa, ba ta buɗe ba. Ya sake ja. Ya matsa ɗaya gefen ya ja, ita ma shiru. Jatau ya ɗauka rashin sabo ne, yana ta cewa ya ja da ƙarfi, sai ya tuna da maɓallin da ke gefensa mai buɗe ƙofofi duka, ya danna. Ashe cikin gaggawa wajen rufewa ya danna, ƙofofin suka yi ƙarar kulle gaba ɗaya. Ya sake dannawa suka buɗe, amma ta Hammadu ko gezau. A madubi ya ga aminin nasa ya daina ja, yana kallon ƙeyarsa da idon nan ɗaya mai lafiya.

"Jatau," in ji shi, ba Kaɗo ba. "Mi niy yi ma?"

Kafin ya amsa matasan sun iso. Wani mai jar hula ya sa yatsa biyu ya ja ƙofar daga waje, ta buɗe salin-alin kamar ba ita ba.

Abin da ya biyo baya Jatau ba ya son ba da labarinsa. Sun tuɓe wa Hammadu rawani, sun karya sandarsa, sun zaunar da shi a rana suna tambayarsa sunayen mutanen da bai sani ba, kowace tambaya da marinta. Jatau ya yi rantsuwa, ya yi magiya, ya kira sunan duk wani babba da ya sani, sai bayan azahar da wani dattijon ƙauyen ya zo ya shaide su aka sake shi. Suna juyawa mai jar hular ya dafa motar ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba. Da kowa na riƙe muna su haka, da mun huta."

Hammadu ya ji. Ya tsinci rawaninsa ya kaɗe. Jatau ya buɗe masa ƙofar gaba, Hammadu bai ko kalle ta ba.

"Ƙohwar da ta ƙiya min daga ciki, ta buɗe musu daga waje," ya ce. Ya shiga dawa da guntun sandarsa.

Da Jatau ya koma gida ya shiga kujerar baya ya rufe kansa, ya ja mariƙin. Ta ƙi. Ya zauna nan cikin zafi yana buga gilashi har Hajara ta fito ta buɗe shi. Da ta ji abin da ya faru ta ce ya tashi yanzu-yanzu ya tafi ruga, ko ba shi da abin faɗa, ya je ya zauna a ƙasa gaban mutumin. Jatau ya ce da wane baki? In ya ce bai san dalili ba, shi da ya yi wata biyu yana cika baki cewa ba maɓallin da bai sani ba a motar nan, wa zai yarda? Sai ya samo dalilin tukuna, ya tafi da shi a hannu.

Ya yi kwana tara yana nema. Ya danna duk abin da ke dannuwa. Ya buɗe littafin nan yana bin hotuna da yatsa. Har ya fara zargin ko motar da iskokinta ta zo daga ƙasar sanyi, ya sa aka yi mata tofi. Kullum Hajara sai ta ce masa rugar ba nisa gare ta ba, kullum sai ya ce gobe.

Rana ta goma ya kai ta garejin wani bakanike a Gummi, Umar Faruk. Bakaniken bai ko ajiye rakensa ba. Ya buɗe ƙofar, ya duƙa, ya nuna masa wani ɗan abu a kaurin ƙofar, wurin da ke ɓuya in an rufe, bai kai ƙwayar wake ba. Ya ture shi sama da farce. Ya ce Baba shiga ka gwada. Jatau ya shiga, ya ja, ƙofa ta buɗe.

Umar Faruk ya ce don yara ake yin sa. In an sauke shi ƙasa, yaro ba zai iya buɗewa ya faɗo ana cikin gudu ba, sai babba ya buɗe masa daga waje. Ya ce da alama masu motar na farko suna da ƙaramin yaro. Jatau ya ɗaga kai ya dubi jar safar da ke rataye. Wata uwa ce can a ƙasar sanyi ta sa farce ta sauke abin nan don ɗanta, ta manta, motar ta ƙetare teku da shi a haka.

Bai tsaya gida ba, ya wuce bayan fadama. Bukkokin na nan amma ba tabarma ko ɗaya, tokar murhu ta yi sanyi, kashin shanu ya bushe. Shehu, mai gonar da ke maƙwabtaka da rugar, ya fito ya ce sun tashi shekaranjiya da asuba, sun yi yamma, ba su faɗi inda za su ba. Ya kai shi bayan gidansa ya nuna masa shanu huɗu a ɗaure, da ɗan maraƙin da Jatau bai ma san an haifa ba. Jatau ya tambaya ko an bar masa saƙo. Shehu ya ce Hammadu ya ce a gaya masa jar saniyar ba ta son a tatse ta ta hagu. Shi ke nan.

Kakar bana ba garken da ya kwana a gonar Jatau, karan na nan tsaye. Motar kuwa tana nan, har yanzu tana kuka in bai ɗaura bel ba. In ya hangi makiyaya sun nufi yamma da shanu sai ya tsaya gefen hanya, ya fito, ya buɗe ƙofar baya, ya yi musu sallama ya roƙe su su zo su ga wani abu. Yawancinsu da sun ga ƙofar mota a buɗe sai su kaɗa shanunsu su ƙara nisa, shi kuma ba ya ganin laifinsu.

Sau ɗaya wani tsoho ya matso. Jatau ya kama yatsansa ya ɗora kan ɗan abin, ya sa shi ya tura ƙasa, ya tura sama, sannan ya shiga da kansa ya nuna masa yadda take ƙi da yadda take buɗewa. Ya ce in Allah ya haɗa shi da wani Hammadu mai yana a idon hagu, ya gaya masa abin da yatsansa ya taɓa. Tsohon ya dubi yatsan nasa, ya ce Hammadu da yawa a daji, amma in ya gamu da shi zai faɗa. Ya bi shanunsa. Jatau ya tsaya riƙe da ƙofar har suka shige cikin sabara.