Gaisuwar Sadiyya

Sadiyya ta daɗe ba ta gaida maƙwabciyarta Najaha, mai man gyaɗa a Matameye. Rannan sai ga ta da fara'a.

"Yaya Najaha, asusun mata na ba da rance, amma sai mun haɗa ƙungiya, kowa ta tsaya wa 'yar'uwarta."

Najaha ta ci gaba da matse tunkuza. Ta ji ana cewa Sadiyya za ta bi mijinta Kano.

"In ɗaya ta gudu fa, wa zai biya?"

Sadiyya ta fita, Najaha kuwa ta ƙi shiga ƙungiyar.

Sadiyya dai ba ta je ko'ina ba, injin niƙa ta saya da rancen. Wurinta Najaha ke kai gyaɗa yanzu, amma ba ta ɗauke ido daga kwanonta har a gama.