Layin Sittin da Biyar

Takardar shafi ɗaya ce tak, da hatimin kwamitin asibiti a samanta. Farfesa ta karanta ta sau biyu a tsaye. An ƙi sa yayanta cikin waɗanda za a gwada wa sabon maganin sankarar jini, wanda ke koya wa garkuwar jiki farautar cutar da kanta. Dalili kuwa, shekarunsa sittin da bakwai, ƙa'ida ta tsaya a sittin da biyar. Can ƙasan shafin, inda ake kafa hujja, sunanta ne a rubuce.

"Malama, ki zauna mana," in ji likitan, tsohon ɗalibinta, wanda ita ta koya masa riƙe allurar ɗibar ɓargo.

"Shekara biyu ce fa kawai."

"Na sani. Wallahi na yi magana har bakina ya bushe. Suka ce bincike ya nuna jikin wanda ya haura nan ba ya ɗaukar maganin. Suka buɗo mini muƙalarki. Me zan ce?"

Me kuwa zai ce? Muƙala ɗari da goma sha huɗu ta wallafa, amma wannan ce ta fito da ita. Masu bincike fiye da dubu uku sun ambace ta a ayyukansu. Ita ta ɗora ta a kujerar farfesa, ita ta sa ake miƙewa idan ta shiga taro.

Ita kaɗai ta san yadda aka haifi lambar sittin da biyar ɗin. Wata la'asar ce, shekara goma sha biyu da suka wuce, shayi ya huce a gabanta, editan mujalla yana ta matsa mata. Tsofaffin da ke cikin binciken su goma sha ɗaya ne kacal, huɗu suka rasu. Ta yi ta juya biro tsakanin sittin da biyar da saba'in. Ta ja layi a sittin da biyar don jadawalin ya fi kyan gani a haka, ta rubuta a ƙasa cewa ana buƙatar ƙarin bincike. Wa ke karanta ƙasa? Lambar kowa ya kwashe, wannan ya miƙa wa wancan, har ta zama doka.

"Zan rubuta gyara," ta ce. "Zan faɗa musu adadin bai isa a yanke hukunci ba."

"Kafin a tantance, a buga, kwamitoci su sauya ƙa'ida, shekara biyu ke nan, in an yi sauri."

"Shi kuma fa?"

Likitan ya sunkuyar da kai. "Wata uku. Huɗu, in Allah ya so."

Ta fito tana jin haushin lambar, tana jin haushin kanta fiye da haka.

Yaya yana gadon ƙarshe a ɗakin marasa lafiya, kusa da taga. Tela ne, shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu. Ba ya karanta harshen da take rubutu da shi, amma ya san siffar sunanta, domin shafin farko na muƙalar nan yana rataye cikin gilashi a saman kekensa na ɗinki.

"Auta! Nawa suka kai yau, masu kiran sunanki?"

"Dubu uku da ɗari biyu da shida, Yaya."

"Kai! Ni shekara arba'in ina taka keke, babu mai kiran sunana sai wanda ban gama masa riga ba." Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi, dasashinsa ya yi ja. Da ya lafa, idonsa ya sauka a kan takardar da ke hannunta. "Ta maganin ce? Kawo."

Ta kasa ɓoyewa. Ya karɓa, ya nisanta ta da idonsa, yana bin layukan da yatsa kamar mai duba ɗinki, har ya kai ƙasa. Nan yatsan ya tsaya.

"Ga ki nan! Har a takardata?"

"Ni ce, Yaya."

"To ai shi ke nan. Tunda da sunanki a ciki, hankalina ya kwanta." Ya ninke ta a hankali, gefe da gefe, ya miƙa mata. "Adana mini. In na fita, a sa mata gilashi, a rataye ta kusa da waccan."

Ta ce to. Ta gyara masa matashin kai.