Wajena da Wajenki

Ta sake goge tafin hannunta da gefen mayafi, ta kama sitiyari. Gangunan da ta yi wata da watanni tana koyon ribas a tsakaninsu suna jingine a jikin katanga, an tattare su.

"Wannan tsohon yayi ne, Hajiya," in ji jami'in gwajin, yana maƙala waya a jikin gilashi. "Yanzu titi za mu hau. Wayar nan za ta faɗi hanya, ke kuma ki bi."

Ta hango mijinta a bakin ƙofa, yana kai da kawowa, hannu a goshi. Tun da idonsa ya fara hazo, mai gidan burodi ya ce zai bar musu motar rabon burodin da mijin ke tuƙawa idan ta samu lasisi yau. In ba haka ba, akwai masu jira.

Shi ya koya mata tuƙi, kuma bai taɓa cewa hagu ko dama ba. "Wajena," yake cewa daga kujerar gefe, ko "wajenki."

Suka shiga titin kasuwa. Babura ta ko'ina, wani mai kura ya tsaya yana gardama da mai lemo. Gumi ya sauko mata ta bayan kunne.

"Juya dama," in ji wayar.

Dama. Wajen wa ke nan? Kafin ta gama lissafi hannunta ya riga ya kunna sigina, ta karya hagu.

Ga kwanar da ta bari can a madubi, ga ɗan sarari tsakanin babura biyu. Da mijinta ne da ya yanke ya koma, ta sha gani. Ƙafarta ta ɗaga daga totur, ta koma. Wata mata da goyo tana tsallakawa. Ta taka birki, ta jira, ta miƙe gaba tana cizon leɓe.

Wayar ta sake zana hanya.

Da suka dawo ta kashe mota, ba ta dubi jami'in ba. "Na sani, ranka ya daɗe. Na ɓata."

"Ɓata hanya ba laifi ba ne a sabon tsari. Yadda mutum ya yi bayan ya ɓata muke dubawa." Ya cire wayarsa. "Kin ci. Amma don Allah ki koyi dama da hagu."

Da jami'in ya fita, mijin ya laluba murfin mota, ya shigo yana haki. "Yaya? Ribas ɗin fa? Kin taɓa ganga?"

"Ba ganga, Baban yara. Sa bel."

Ya sa, ya gyara zama kamar kullum. A bakin titi ya buɗe baki.

"To, waje..."

"Bari," ta ce, tana kunna sigina. "Na gani."