Larabar Jiniya

A garinmu, Larabar farko ta kowane wata sai an gwada jiniyar guguwa. Kowa ya saba, har karnuka sun daina yi mata haushi. Ni kaɗai na ƙi sabawa. Tun ranar da guguwa ta kwashe gidanmu ta haɗa da mijina Wendell, in jiniyar ta tashi, sai dai in tsinci kaina a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Bara garin wannan gudun na faɗo daga matakala na karya hannu.

Shi ya sa 'yata Corinne ta daina bar mini jaririnta Otis. "Mama, ba raini ba ne," in ji ta, "amma da yana hannunki ranar fa?"

Na yi fushi, na yi masifa, ƙarshe dai na kwashi ƙafa na tafi wajen likitar ƙwaƙwalwa. Wata 'yar siririya ce, sa'ar Corinne, wai za ta koya mini numfashi. Ni da nake numfashi tun ba a haife ta ba! Amma na zauna. A ofishinta na yi kukan da ban yi ba ranar binne Wendell. Ta riƙa kunna mini ƙarar jiniya a wayarta, ƙasa-ƙasa, ni kuma ina faɗin abin da idona yake gani. Haka muka yi ta fama har sanyi ya wuce.

Ranar nan da safe sai ga Corinne da yaro a kafaɗa. "Mai renonsa ba ta da lafiya, kuma dole in je aiki. Kin san yau wace rana ce?"

"Na yi miki kama da wadda ba ta da kalanda? Miƙo shi, ki tafi."

Tana fita zama ya gagare ni. Na wanke kwanon da na riga na wanke. Na leƙa sama, fes take, na sake leƙawa. Tsoro nake ji, wallahi, ba na guguwa ba, na ƙafafuna.

Jiniyar ta tashi yaron yana hannuna. Jikina duk ya karkata wajen matakala. Otis ya zabura, bai yi kuka ba, ya kafe ni da ido yana jiran ya ga ko abin tsoro ne.

"Ga tebur," na ce. "Ga tukunya. Ga labule. Ga ƙaton kanka, maigida."

Ya yi dariya, ya cafki hancina. Muna nan tsaye a kicin har ƙarar ta mutu.

Sai na kai shi taga ya sha iska. Ashe motar Corinne tana tsallaken titi, ba ta je ko'ina ba, tana ciki ta dafe baki. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ɗaga yaron sama don ta gan shi da kyau.

Ta daɗe tana kallonmu. Sannan ta share ido, ta tada mota, ta tafi aiki.