Tukwanen Latifa Takwas

Alhaji Falalu ya zo Manchester ne a duba masa ido, ya sauka gidan ɗansa a Old Trafford. Shekara hamsin ya yi yana noman fadama a Haɗeja, don haka duk abin da ya tsiro daga ƙasa sai ya tsaya ya ƙare masa kallo.

Jikarsa Latifa a Birmingham take karatu. Wata Asabar ta iso da tukwane takwas a bayan mota, kowace da wata ciyawa mai kaushi a cikin baƙin taɓo. Ta ce jirgin ruwa ne ya zubar da mai a wata gaɓar teku, fadamar wurin ta mutu. Aikinta shi ne ta gano ko ciyawar nan za ta rayu a wannan taɓon, domin a san abin da za a dasa. Ɗakin shukarsu na jami'a kuma ana gyaransa.

"Angona, ga amana," in ji ta. "Ruwan jarkar nan kaɗai za ka riƙa ba su."

"Ke da ba ki taɓa riƙe fartanya ba za ki koya mini ban ruwa? Tafi abinki, amarya."

Da ta tafi ya ɗanɗana ruwan, ya ji gishiri zalla. Ya sunsuna taɓon, warin garejin makanikai. Ciyawar kuwa ta yi rawaya, ta langaɓe. Tausayi ya kama shi. Ya zare su ɗaya bayan ɗaya, ya wanke saiwoyin tas, ya cika tukwanen da ƙasar lambun bayan gida. Sannan ya shafe saman da tsohon taɓon, don kada yarinyar ta ga an raina karatunta. Kullum da safe ya ba su ruwan famfo, yana yi musu hira.

Bayan mako uku Latifa ta dawo ta tarar da su kore shar. Ta auna, ta sake aunawa, ta buga tsalle, ta kira malamarta Dakta Tabitha a waya.

"Kaka, ciyawar ta jure man! Ranar Litinin zan gabatar. In aka amince, dubbanta za a dasa a gaɓar."

Ranar ko loma uku bai yi ba.

Ranar Litinin Latifa ta ce dole mai ban ruwa ya raka ta. A cikin jirgin ƙasa ya rungume tukunya ɗaya a cinya, idonsa na kan taga, amma abin da yake gani mutane ne cikin taɓo har gwiwa, suna dashe wuni guda, bayan wata ɗaya komai ya bushe.

Suna sauka a tashar jami'a ya tsaya cak.

"Latifa."

Ta juyo, don ba ya kiran sunanta. Ya tura yatsa cikin tukunyar, ya tono ƙasar lambu mai laushi, ya nuna mata.

Ta daɗe tana kallon yatsan.

"Takwas ɗin duka?"

"Duka."

"Kaka, wata biyar na yi a kansu. Ba zan gama da 'yan ajinmu ba ke nan."

Ya rasa inda zai sa idonsa. Can ya ce shi zai gaya wa malamar da bakinsa.

"Da wane Turancin?"

"Ke za ki fassara."

A ofis Dakta Tabitha ta nuna masa kujera, ya ƙi zama. Ya ajiye tukunyar a kan tebur, ya yi bayani tiryan-tiryan, kansa a sunkuye. Latifa ta fassara da 'yan kalmomi kawai.

Alhaji ya ɗago.

"Naki ya fi nawa gajarta. Gaya mata duka, har da taɓon da na shafa a sama."