Kwalar Inna

Wata huɗu da ba Auta shugabancin ɗakin ɗinkin, mai kamfanin ya tura ta kwas na kwana uku. Ta dawo da jaka, da biro, da shawara guda: shugaba na gari shi ne mai jin laifinsa bai karaya ba. Sai ta huda kwalin zare ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce kowa ta rubuta aibin shugabar ta jefa, ba sai da suna ba. Wai ba sai da suna ba! Mata bakwai ne fa, shekara tara tana karanta rubutunsu a jikin yadi.

Ran Alhamis ta zazzage kwalin a kan teburin yanka. Ɗaya ta ce ta cika surutu. Ɗaya ta ce tun da ta hau kujera ta daina yi wa mutane magana. Wata ta ce zafinta ya yi yawa, wata ta ce sanyinta ne ya sa kowa ke taka ta. Wata baiwar Allah kuwa fanka kawai ta roƙa. Auta ta jera takardun, ta hargitsa, ta sake jerawa, kanta ya ɗaure tamau. To wanne za ta gyara? A kwas ba wanda ya ce laifuffukan za su zo suna ƙaryata juna.

Ta ƙarshen ce ta tsaya mata a wuya. Manyan baƙaƙe ne, na Inna, dattijuwar da ta girmi kowa a ɗakin: "Ki daina warware min ɗinki a bayan idona. Ni na ɗora ƙafarki a kan keke."

Kuma gaskiya ne. Kwalar rigunan Inna ta jima tana fitowa a karkace. Kullum Auta kan riga kowa zuwa, ta warware, ta sake ɗinkawa, ta mayar inda ta ɗauko. Ta san in mai kamfanin ya gani, zaman Inna ya ƙare. Ita a ganinta rufin asiri take yi, ashe Inna raini ta ɗauke shi. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Da yamma ta nuna wa mijinta takardun. Ya karanta yana ƙunshe dariya.

"In kun gama da kwalin ki kawo gida, ni ma ina da nawa."

"Don Allah ka bari. In na faɗa wa Inna na ci fuskarta, in na yi shiru na raina ta. Ni wallahi na rasa ta cewa."

Shi kuwa sai ya ce a zubo abinci.

Da safe ta tarar da wata rigar, kwalar ta zame gefe guda. Har ta ɗauki reza, ta ajiye, ta sake ɗauka. Da Inna ta iso, sai Auta ta rungumi rigar ta je ta durƙusa gefen kekenta.

"Inna, ki duba kwalar nan."

Inna ta karɓa fuska a ɗaure. Ta ɗaga ta wajen taga, ta kawo kusa da hanci, ta miƙa nesa.

"Me ya same ta? Lafiyarta ƙalau."

Auta ta kama yatsan Inna ta ɗora a kan ɗinkin, ta bi da shi a hankali. A tsakiya yatsan ya tsaya. Ya koma baya, ya sake bi shi kaɗai.

"Tun yaushe?" Inna ta tambaya, muryarta can ƙasa.

"Tun kafin a ba ni kujerar nan."

"Kika bar ni ina ta ƙullatarki a zuci?"

Auta ba ta san ko haƙuri za ta ba ta ba, ko tashi za ta yi.

Inna ta daɗe tana shafa kwalar. Sannan ta laluba bakin zaren kekenta, ta miƙo mata ba tare da ta dube ta ba.

"Zura min a allurar nan, Auta. Jiya ma sai da na kusa kuka kafin ya shiga."